Kada Sabon Zubin Hoto Ya Rufe Wa Masu Tsofaffin Kwamfutoci Ƙofa

Akwai wata matsala da ta daɗe tana damun jama'ar da ke neman labarai da sanarwoyin hukuma ta intanet, amma ba a cika jin ana maganarta ba, domin waɗanda abin ya shafa ba su san sunan ciwon ba, balle su kai kuka. Mutum zai buɗe shafin wata ma'aikata ko makaranta ko jarida, rubutu ya fito sarai, amma inda ya kamata hoto ya zauna sai ya tarar da fili fari fat, ko kuwa wani ɗan akwati mai alamar tsagewa. Sai ya ɗora laifin a kan layin sadarwa, ya kashe ya kunna, abu ya ƙi. Alhali kuwa sau da yawa layi lafiyarsa lau. Wanda ya gina shafin ne ya ajiye hoton cikin wani sabon zubi wanda burauzar mutumin, watau manhajar da yake shiga intanet da ita, ba ta san shi ba.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ake nufi da zubi. Hoto a cikin kwamfuta tarin ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo da launinsa. Idan aka ajiye su yadda suke, nauyin fayil zai yi yawa ƙwarai, saboda haka masana suka ƙirƙiro hanyoyin matse su, kuma kowace hanya da sunanta da ƙa'idarta. Haruffan nan da ake gani a ƙarshen sunan fayil, kamar JPG ko PNG, su ne ke nuna zubin. Burauzar da ba a koya mata ƙa'idar wani zubi ba, ba za ta iya warware shi ba, ko da kuwa fayil ɗin ya iso gare ta cif, kuma an caji mai ita kuɗin data.

Zubi uku ne suka riƙe intanet tun tana jaririya. Na farko shi ne GIF, wanda kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da shi a 1987. Launi 256 kaɗai yake ɗauka, saboda haka bai dace da hoton mutum ko na gari ba. Sai JPEG, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 1992, mai zubar da wasu ƙananan bayanai da idon ɗan Adam ba ya kula da su domin hoto ya yi sauƙi. Na uku kuwa, watau PNG, rigima ce ta haife shi. A ƙarshen 1994 aka ba da sanarwar cewa kamfanin Unisys, mai haƙƙin mallakar dabarar matsewa da ke cikin GIF, zai riƙa karɓar kuɗi daga masu rubuta manhajojin da ke amfani da ita. Wannan ya harzuƙa masana, suka taru suka tsara PNG wanda ba na kowa ba ne, hukumar W3C mai shimfiɗa ƙa'idojin shafukan intanet kuma ta amince da shi a watan Oktoba na 1996. Haƙƙin Unisys bai ƙare a Amurka ba sai a watan Yuni na 2003.

Abin lura a tarihin PNG shi ne tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya zauna daram. Burauzar Internet Explorer 6, wadda ta fito a 2001 ta kuma mamaye kwamfutocin duniya, ba ta iya nuna ɓangaren PNG mai garai-garai yadda ya kamata ba, sai ta cika wurin da launin toka. Ba a gyara wannan ba sai da Internet Explorer 7 ta fito a 2006, watau shekara goma bayan an amince da zubin. Wannan ita ce al'adar abin: a wurin taro ake amincewa da sabon zubi cikin yini guda, amma kafin ya isa teburin kowa sai an ci shekaru.

Sababbin zubi kuwa guda biyu ne suka fi tashe. Kamfanin Google ya fito da WebP a 2010, ya kuma ce bisa ga gwajinsa hoton WebP ya fi takwaransa na JPEG sauƙi da kashi 25 zuwa 34 cikin 100. A 2019 kuma aka fito da AVIF, wanda ƙungiyar manyan kamfanoni mai suna Alliance for Open Media ta tsara daga fasahar bidiyo ta AV1, shi kuma yakan matse hoto fiye da WebP. Lalle wannan ba ƙaramin amfani ba ne, kuma duk wanda ya raina shi bai san zafin kuɗin data ba. A Nijeriya, alal misali, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarda wa kamfanonin waya su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kan farashinsu a watan Janairu na 2025. Mai gina shafin da ya rage wa hoto kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ya taimaki talaka. Saboda haka babu mai cewa a guji sababbin zubi. Abin da ake ƙi shi ne a ajiye su su kaɗai, a kawar da tsofaffin, sa'an nan a ce an ci gaba.

To, su wane ne ake bari a baya? A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin amsar ba ta tsaya ga shekarun na'ura kaɗai ba.

WebP ya yi shekara tara kafin burauzar Firefox ta karɓe shi, a fitowarta ta 65 cikin watan Janairu na 2019, ya kuma yi shekara goma kafin Safari ta kamfanin Apple ta karɓe shi a watan Satumba na 2020. Ko a nan ma, mai kwamfutar Mac sai in tsarinsa ya kai macOS 11 sa'an nan zai ga hoton. Internet Explorer kuwa har Microsoft ya yi mata ritaya a ranar 15 ga Yuni, 2022, ba ta taɓa sanin WebP ba. Wanda ke da Windows XP, in da Firefox yake aiki, ta tsaya masa a fitowa ta 52, saboda haka shi da WebP sai dai labari. In kuwa Chrome ce, ta tsaya a ta 49 tun 2016, za ta nuna WebP amma ba za ta nuna AVIF ba. Shi AVIF ɗin ya shiga Chrome a watan Agusta na 2020, ya shiga Firefox a watan Oktoba na 2021, ya shiga wayoyin Apple a 2022. Wani abin mamaki, Edge ta Microsoft, wadda ke zuwa da kowace sabuwar kwamfutar Windows, ba ta karɓe shi ba sai a watan Janairu na 2024. Watau har ƙarshen 2023, mutumin da ya sayi kwamfuta fil a kwali yana iya buɗe shafi mai AVIF zalla ya ga wayam.

Batun wayoyin iPhone ya fi shafar kasuwannin ƙasar nan, domin duk wanda ya leƙa Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja ya san yawan na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. iPhone 6, wadda ta fito a 2014, ba ta wuce tsarin iOS 12 ba, WebP kuwa sai daga iOS 14. iPhone 7 ta 2016 ta tsaya a iOS 15, AVIF kuwa sai daga iOS 16. Mai irin wannan waya ba shi da mafita ko da ya sauke Chrome ko Firefox, domin a kanta dukkan burauzoji da injin Safari suke aiki, suna ne kawai ya bambanta. Wayar kuwa tana kira, tana karɓar saƙo, tana ɗaukar hoto tangaran. Ba dalilin da zai sa mai ita ya jefar da ita don wani ma'aikacin kwamfuta ya ga dama ya canza zubi.

A ɗaya gefen kuma, gaskiya ta wajabta a faɗi cewa ba kowace tsohuwar kwamfuta ce abin ya shafa ba. Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun watan Janairu na 2020, tana iya ɗaukar Chrome har fitowa ta 109, wadda ta san WebP da AVIF duka. Amma a shagunan buga takardu da ofisoshi da yawa, ba kowa ne ya damu da sabunta burauza ba. Abin da aka tarar a cikin na'ura shi ake ta amfani da shi har ta mutu. Mai gina shafi ba shi da hanyar sanin wace ce a gaban wanda ya zo duba sakamakon jarrabawar ɗansa.

Har ila yau, sabo ba shi ne tabbacin daɗewa ba. An yi JPEG 2000, wanda aka ɗauka shi zai gaji JPEG. A cikin manyan burauzoji Safari ce kaɗai ta rungume shi, ita ma ta sake shi a 2024. An yi JPEG XR na Microsoft, ya rayu a cikin Internet Explorer da tsohuwar Edge, ya kuma bi su kabari bayan da aka sake gina Edge a kan injin Chrome a 2020. Ga kuma JPEG XL, wanda masana da yawa ke yabo: Google ya cire gwajinsa daga Chrome a farkon 2023, a cikin shekarar kuma Apple ya sa shi a Safari. Hukumar da ta juye dukkan hotunan tarihinta zuwa ɗaya daga cikin na farkon nan biyu, ta share na asali, yau tana cikin da-na-sani. JPEG kuwa ya haura shekara talatin, kuma babu wata na'ura mai nuna hoto da za ta ce ba ta san shi ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin takaici shi ne maganin matsalar ba shi da tsada ko kaɗan, kuma an daɗe da samar da shi. A cikin harshen HTML da ake rubuta shafuka da shi akwai wani umarni mai suna picture, wanda Chrome ta fara ganewa a 2014, Firefox a 2015, Safari kuma a 2016. Da shi ne mai gina shafi zai jera zubi biyu ko uku na hoto guda: AVIF a sama, WebP a ƙarƙashinsa, JPEG ko PNG a ƙasa. Burauza za ta bi jerin, ta ɗauki na farkon da ta sani, ta ƙyale sauran ba tare da ta sauke su ba, saboda haka babu asarar data. Hikimar da ke ciki ita ce an tsara shi yadda tsohuwar burauzar da ba ta ma taɓa jin sunan picture ba za ta tsallake shi kawai, ta faɗa kan tsohon umarnin img da ke cikinsa, ta nuna JPEG ɗin kamar yadda ta saba tun 1990 da wani abu. Akwai kuma hanya ta biyu: duk lokacin da burauza ta nemi hoto takan shaida wa kwamfutar da ke riƙe da shafin irin zubin da take karɓa, ita kuma sai ta aiko mata da wanda ya dace. Kowace aka bi, mai sabuwar waya ya samu rangwamen data, mai tsohuwa ya ga hoto. Layuka huɗu ko biyar ne na rubutu. Wanda ya bar su, ƙiwa ce ta hana shi, ko rashin sani.

Amma akwai abin da ya fi zaɓen zubi muhimmanci, wanda kuma aka fi sakaci da shi, watau girman hoton kansa. Kyamarar waya mai ɗigo miliyan 12 tana fitar da hoto mai faɗin ɗigo 4,000 da tsayin 3,000. Gurbin da za a sa shi a shafi kuwa sau da yawa bai wuce faɗin 800 da tsayin 600 ba, watau ɗigo 480,000, kashi ɗaya cikin 25 na asalin. Ma'aikacin da ya ɗora hoton yadda ya fito daga waya, ya sa kowane mai ziyara ya sauke ninki 25 na abin da idonsa zai gani. Ko da ya juya shi zuwa WebP ya rage kashi 30 cikin 100, bai yi komai ba idan aka kwatanta da wanda ya rage girman tukuna ya bar shi a JPEG.

Ga tsohuwar kwamfuta kuwa abin ya wuce maganar data. Kafin a nuna hoto a allo dole a warware shi a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, inda kowane ɗigo ke cin bayit huɗu, ko da wane zubi ya zo. Hoton nan mai ɗigo miliyan 12 zai ci wajen megabayit 48, wanda aka rage kuwa bai kai megabayit 2 ba. Shafi mai irin waɗannan manyan hotuna guda ashirin, kamar na bikin ƙaddamar da wani aiki da ofisoshin watsa labarai ke son jerawa, ya tasam ma gigabayit ɗaya ke nan. Na'urar da duk ƙwaƙwalwarta gigabayit 2 ce sai ta sandare. Bugu da ƙari, warware AVIF ya fi warware JPEG wahalar da na'ura, domin lissafinsa ya fi zurfi. Shi JPEG kuma bai tsaya cik ba: tun 2014 Mozilla, mai Firefox, ta fito da MozJPEG, manhajar da ke ƙara matse shi ba tare da ta saɓa wa tsohuwar ƙa'idarsa ba. Akwai kuma nau'insa mai fitowa mataki-mataki, wanda ke nuna hoton dishi-dishi da farko sa'an nan ya washe, abin da ya dace da wuraren da layi ke jan ƙafa. Zane-zane da tambari da taswira kuwa PNG ya wadatar da su, ko SVG wanda Internet Explorer ta sani tun fitowarta ta 9 a 2011.

Sai kuma a tuna cewa rayuwar hoto ba ta ƙarewa a cikin burauza. Mutane suna sauke shi, su kai shagon buga takardu, su liƙa a cikin wasiƙa, su aika wa wani ofishi. Manhajar Photoshop, duk da shahararta, ba ta fara buɗe WebP da kanta ba sai a 2022, kuma tsofaffin kwafinta ne suka cika shaguna. Haka nan wayoyin iPhone tun 2017 suna ajiye hoto a zubin HEIC, wanda Chrome da Firefox ba sa nunawa. Ma'aikacin da ya ɗauki hoto da wayarsa ya ɗora kai tsaye, shi yana gani a tasa, yawancin jama'a kuwa ba su gani. Saboda haka duk hoton da aka san za a sauke a yi aiki da shi, kamar fom ko taswira ko jadawali, wajibi ne a samar da shi a JPEG ko PNG.

Wannan ya kawo wata mummunar ɗabi'a da ta yaɗu a shafukan hukumomi da makarantu, watau a ɗauki hoton takardar sanarwa, da sa hannu da hatimi, a ɗora shi a matsayin sanarwar baki ɗaya. Ranar rufe karɓar takardu, jerin sunayen waɗanda aka ɗauka, lambar asusun biyan kuɗi, duk suna cikin hoto. In hoton ya ƙi buɗewa, sanarwa ta ɓata ɗungum, kuma mai neman aiki ko gurbin karatu yana iya rasa damarsa a kan abin da bai ji ba bai gani ba. Makaho ma da ke amfani da manhajar karanta allo, irin su NVDA a kwamfuta ko TalkBack a waya, ba abin da zai ji. Tun 1999 hukumar W3C ta fitar da ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga naƙasassu, kuma ta farko a cikinsu ita ce kowane hoto ya kasance da rubutun da zai maye gurbinsa. A cikin umarnin img akwai gurbi mai suna alt da aka tanada domin haka. Rubutun da aka sa a nan shi manhaja ke karanta wa makaho, shi ne kuma ke bayyana ga mai ido idan hoto ya ƙi fitowa. Sanarwa kuwa a rubuta ta da haruffa a jikin shafi, hoton takardar ya zama shaida kawai.

Masu gina shafuka sukan kare kansu da hujja biyu. Ta farko, wai ƙididdiga ta nuna masu tsofaffin burauzoji 'yan kaɗan ne. Amma irin wannan ƙididdiga ta duniya ce gaba ɗaya, inda masu sababbin na'urori, da yake sun fi kowa yawan shiga intanet, suke rinjayar lissafi. Kuma wanda ya zo sau ɗaya ya ga shafi ba ya yi masa aiki ba ya dawowa a sake ƙirga shi. Kanti yana iya cewa ya haƙura da cinikin mutum biyu cikin ɗari. Hukumar da ke karɓar haraji daga kowa ba ta da wannan izini. Gwamnatin Ingila ma, da duk arzikin ƙasarta, ta sa a cikin ƙa'idojin gina shafukanta cewa a fara da abin da zai yi aiki a kowace burauza, sa'an nan a ɗora ƙawa a kai.

Hujja ta biyu ita ce tsohuwar burauza hatsari ce ga mai ita, gara a matsa masa ya sabunta. Haƙiƙa hatsarin gaskiya ne, kuma duk mai hali ya kamata ya sabunta. Sai dai ɓoye wa mutum hoto ba ya sabunta masa na'ura, kuma yawan masu tsofaffin ƙaruwa zai yi. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da yake ba Windows 10, alhali Windows 11 tana da sharuɗɗan da kwamfutoci masu ɗimbin yawa, lafiyayyu, ba su cika ba. Idan ofisoshin Turai da Amurka suka sallame su, an san inda jiragen ruwa za su sauke kaso mai yawa daga cikinsu. Yau burauzojinsu sun san WebP da AVIF, amma wata rana su ma za a tsayar da su a wata fitowa, kamar yadda aka yi wa XP da Windows 7, wani sabon zubi kuma ya zo ya wuce su.

Saboda haka ya kamata manyan sakatarori da shugabannin makarantu da duk mai sa hannu a kwangilar gina shafi su daina ɗaukar wannan a matsayin maganar masu fasaha da ba ta shafe su ba. A rubuta a cikin yarjejeniya cewa kowane hoto zai zo da JPEG ko PNG a ƙarƙashinsa, da rubutun da zai maye gurbinsa, kuma ba za a ɗora shi ba sai an rage shi daidai gurbinsa. Hotunan asali kuma a adana su a hannun hukuma, kada a bar su a hannun ɗan kwangila. Ranar karɓar aiki, kada a yarda a yi gwajin a kan sabuwar kwamfutar da ɗan kwangila ya zo da ita a jaka. A sa masinja ya ɗauko wadda ta fi kowace tsufa a ofishin rajista, a aro wayar direba, a buɗe shafin a kansu a gaban kowa, sa'an nan a sa hannu a takardar biya.